Lokacin da kasuwar hannun jari ta yi hijira zuwa Bamako

A watan Fabrairu 2011, ana tsakiyar rikicin zaɓen Kodibuwa, dakarun da ke biyayya ga Laurent Gbagbo suka mamaye ginin kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan. Ciniki ya tsaya. A farkon watan Maris kasuwar ta sake buɗewa a Bamako, ta ci gaba da ci a can har watan Mayu, sannan ta koma gida. Labarin ya shafe mu, domin kasuwar tamu ce: Nijar na cikin ƙasashe takwas da ke tarayya a kanta, tare da Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine-Bisau, Mali, Senegal da Togo.

Kafin mu ci gaba, mene ne hannun jari? Kamfani ne ke raba mallakarsa ƙanana-ƙanana ya sayar. Wanda ya sayi kashi ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, in an samu riba a ba shi rabonsa, in ya so kuma ya sayar wa wani. Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ya san ba a ciniki sai da dillali mai shaida da sarkin kasuwa mai raba gardama. A nan ma haka ne. Akwai dillalai masu lasisi, akwai ma'ajiya ta tsakiya da ke riƙe da lissafin wa ya mallaki me, akwai kuma hukuma mai sa ido.

Tushen wannan tarayya kuɗi ne. A 1962 aka ƙulla yarjejeniyar UMOA ta ƙasashe masu amfani da sefa. Kodibuwa ta buɗe kasuwarta ta hannun jari a Abijan cikin shekarun 1970, ita kaɗai. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, a cikin watan kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar UEMOA a Dakar. Manyan malamai suna tune da yadda albashi ya narke a hannu a lokacin. Bayan wannan girgiza, gwamnatocin suka ga dole a samu wurin tara ajiyar mutanen yankin don kamfanoni da baitulmali su rage dogaro da bashin waje. A Yuli 1996 aka kafa hukumar sa ido, CREPMF, wadda yanzu ake kira AMF-UMOA. A Disamba 1996 aka kafa BRVM a Kwatano, ta fara aiki ranar 16 ga Satumba 1998.

Abin da ya bambanta ta da sauran kasuwanni shi ne doka ɗaya, kuɗi ɗaya, alƙali ɗaya. Kamfanin da hukumar ta ba izini yana iya neman jari daga Dakar har Damagaram, ba sai ya bi ƙasa-ƙasa yana roƙon takarda ba. Ta wannan ƙofa kamfanin tarho na Senegal, Sonatel, ya shiga a 1998, BOA Nijar a 2003, Onatel na Burkina a 2009. Sai dai rabon bai daidaita ba. Cikin kamfanoni arba'in da ƴan kai da ke jerin, mafi yawa na Kodibuwa ne, namu kuwa guda ɗaya ne.

Idan muna son gane amfanin doka ɗaya, mu dubi inda babu ita. A 2006 uwar kamfanin Ecobank, mai mazauni a Lome, ta sa hannun jarinta a kasuwanni uku: Legas, Akra da Abijan. Kamfani ɗaya ne, amma hukumomi uku ke duba shi, ana cinikinsa da naira da sidi da sefa, kuma farashin yakan sha bamban daga wannan kasuwa zuwa waccan, saboda ɗauke hannun jari daga ɗaya zuwa ɗaya ba abu ne mai sauƙi ba. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke canjin naira kafin ya nufi Jibiya ya san wannan wahala a aljihunsa.

Mu koma 2011. Bayan zagaye na biyu na zaɓen Nuwamba 2010, Gbagbo da Alassane Ouattara kowa ya ce shi ya ci. Ministocin UEMOA suka amince da sa hannun Ouattara kan asusun ƙasar a babban banki, BCEAO. Ɓangaren Gbagbo ya ƙwace rassan bankin a Janairu, daga baya ya bi ta kan BRVM. Abin da ya ceci masu ajiya shi ne kasuwar ba mallakar gwamnatin da ke riƙe da Abijan ba ce. An kama gini, amma doka da lissafi na ƙasashe takwas ne, don haka suka bi ma'aikata zuwa Bamako. A wannan karo tarayya ta kare talaka daga siyasar ƙasa ɗaya.

Shekaru goma sha ɗaya bayan haka muka ga ɗaya fuskar. Ranar 9 ga Janairu 2022 Cedeao da UEMOA suka sa wa Mali takunkumi, aka rufe asusunta a BCEAO, ta kasa biyan waɗanda suka sayi takardun bashinta a kasuwar yankin. A watan Maris kotun UEMOA ta ce a dakatar da takunkumin, amma bai tashi ba sai a Yuli. Sannan abin ya iso gidanmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka sa wa Nijar irin wannan takunkumi ranar 30 ga watan, har zuwa 24 ga Fabrairu 2024. Baitulmali ya kasa biyan basussukan da lokacinsu ya yi, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai fidda. Ni kaina na yi layi tun safe don in karɓi wani kashi na albashina, alhali komawa lakkol ta gabato. Wahalar ba ta tsaya a kan iyaka ba, tunda bankunan maƙwabta ma suna riƙe da waɗannan takardu.

Yau Nijar da Mali da Burkina sun fita daga Cedeao, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, amma suna cikin UEMOA, suna kan sefa, kamfanoninsu kuma suna jerin BRVM. Gwamnatocin da ke kallon juna da shakku suna raba kasuwa ɗaya da alƙali ɗaya. Fita daga irin wannan tarayya ba sabon abu ba ne: Mali ta bar sefa a 1962 ta dawo a 1984, Muritaniya ta fita a 1973. Amma a waɗancan shekaru babu kasuwar hannun jari ta bai ɗaya. Yanzu duk wanda zai yi maganar sabon kuɗi, ko sabon takunkumi, sai ya amsa wasu tambayoyi. Da wane kuɗi za a biya riba? Wace kotu za ta saurari mai ajiya? Wa zai riƙe lissafin mallaka?

A ganina darasin 2011 da na 2023 ɗaya ne. Kasuwar tarayya tana tsira muddin babu ɓangaren da zai mai da ita bulala, ko gwamnatin da ginin ke ƙasarta, ko taron shugabannin da ke fushi da ɗayansu. Ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya, tun ana zaman lafiya, cewa biyan mai ajiya da albashin ma'aikaci ba sa cikin abin da takunkumi zai taɓa.

Ƴan'uwana malamai, idan muka zo darasin haɗin kan Afirka ta Yamma, kada mu tsaya ga haddar sunayen ƙungiyoyi da shekarun kafuwarsu. Mu ba yara labarin Bamako, mu sa su kwatanta shi da abin da suka gani a gidajensu a 2023. Iyaye kuma, duk mai shirin saka kuɗi a wani abu da ake kira hannun jari, ya fara tambaya ko dillalin yana da lasisin AMF-UMOA.