Masu binciken annoba: Su wane ne, kuma mene ne aikinsu a ƙaramar hukuma?

Likita majinyaci ɗaya yake dubawa, amma masanin yaɗuwar cututtuka al'umma gaba ɗaya yake nazari. Tambayoyinsa uku ne: su wa cutar ta kama, a ina, kuma yaushe? Da amsoshinsu yake gano tushen cutar da hanyar datse ta.

A Najeriya aikin yana farawa ne daga asibitin unguwa ko na ƙauye. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ke tattara rahoton kwalara, ƙyanda, sanƙarau da makamantansu, ya miƙa wa babban jami'in annoba na jiha. Daga nan bayanan ke isa Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, wadda aka sa hannu kan dokarta a 2018.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya nuna amfanin wannan aiki. Yara sun riƙa mutuwa bayan amai da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, magungunan zazzaɓin cizon sauro kuma ba su yi tasiri ba. Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ce ta ankarar da hukumomi. Masu bincike suka bi gida-gida a Dareta da Yargalma, suka tarar kusan kashi ɗaya bisa huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Gwajin jini da na ƙasa ya tabbatar da cewa gubar dalma ce, daga duwatsun zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Gano hakan ya sa aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka soma ba yaran maganin da ke fitar da gubar daga jiki. Duk da haka, yara fiye da 400 ne suka rasu.

Darasin shi ne, jinkirin rahoto rayuka yake ci. Jami'in da ba shi da babur, ko man da zai kai shi ƙauye, ko kuɗin aika samfur ɗakin gwaji, ba zai hango annoba da wuri ba. Saboda haka duk mai bibiyar kasafin kuɗin lafiya na jiharsa ya kamata ya tambayi nawa aka ware wa sa ido kan cututtuka, da kuma nawa aka saki a zahiri.