Kula da sensar zafi da ta matsi a injin cila

Kula da sensar zafi da ta matsi wani sashe ne na aikin gyaran injin cila, wato babban injin da ke sanyaya ruwa domin a zagaya da shi cikin bututu a sanyaya otal-otal, asibitoci, manyan kantuna da masana'antu. Sensa ƙaramar na'ura ce da ke auna wani yanayi, ta mayar da shi saƙon lantarki, ta aika wa kwamfutar da ke sarrafa injin. Da wannan saƙo ne kwamfutar ke ƙara ƙarfin aiki, ko rage shi, ko tsayar da injin gaba ɗaya.

Yadda injin ke aiki

Injiniya ɗan ƙasar Amurka Willis Carrier ne ya fito da cila mai kwampreso irin na juyawa a shekarar 1922. Galibin injinan yau suna da manyan sassa huɗu: kwampreso da ke matsa gas ɗin sanyi, kondensa da ke fitar da zafi waje, bawul da ke sauke matsin, da ebaporeta inda gas ɗin ke zuƙe zafin ruwa. A tsarin da aka saba, ruwa yana fita daga injin da sanyin kimanin digiri 7 a ma'aunin Salshiyos, ya dawo da kimanin digiri 12.

Nau'o'in sensa

Sensar zafi iri biyu ce ta fi yawa. Ta farko ita ce tamista, wadda turjiyarta ga lantarki ke raguwa idan zafi ya ƙaru. Wadda aka fi sani tana nuna om 10,000 a digiri 25, sannan fiye da om 30,000 a digiri 0. Ta biyu ana yin ta da ƙarfen filatinom, kamar Pt100 da Pt1000. Pt100 tana nuna om 100 a digiri 0, da kimanin om 138.5 a digiri 100, bisa ƙa'idar IEC 60751. Ana sanya su a mashigar ruwa da mafitarsa, da bututun da ke shiga kwampreso da wanda ke fita, da kuma wurin mai.

Sensar matsi kuwa ana ɗaura ta a ɓangaren ƙaramin matsi da na babban matsi. Wasu suna aika saƙo tsakanin miliamfa 4 zuwa 20, wasu kuma tsakanin bolt 0.5 zuwa 4.5 idan an ba su bolt 5. An fara ƙidayar daga 4 ne maimakon sifili domin a bambance matsi mafi ƙanƙanta da tsinkewar waya: idan mita ta nuna sifili, to layin ne ya yanke ko wuta ba ta isa ga sensar ba.

Illar sensa mai ƙarya

Idan sensar mafitar ruwa tana nuna zafi fiye da gaskiya, injin zai ci gaba da sanyaya ruwan har ya iya daskarewa ya fasa bututun ebaporeta, wanda gyaransa ke da tsada ƙwarai. Idan kuma tana nuna ƙasa da gaskiya, injin zai rage aiki alhali ginin bai yi sanyi ba. Haka nan, daga karatun zafi da na matsi ne kwamfutar ke lissafa ko gas ɗin ya gama zama tururi kafin ya koma kwampreso. Kuskure a nan yana iya sa ruwan gas ya shiga kwampreso ya lalata shi.

Abubuwan da ke jawo matsala sun haɗa da danshi da ke shiga jikin sensa, tsatsa a mahaɗar waya, girgizar injin da ke sassauta haɗi, hauhawar wutar lantarki, da kuma tsufa, wanda ke sa karatun ya kauce a hankali.

Hanyoyin gwaji

Kafin a taɓa waya, ana kashe wuta a kulle makunnin don kada wani ya kunna. Daga nan mai gyara yana duba wayoyi da mahaɗai da ido, ya cire sensar zafi daga kwamfuta, ya auna turjiyarta da mita, ya kwatanta da jadawalin kamfanin da ya ƙera injin. Gwaji mafi sauƙi shi ne tsoma ta cikin dakakkiyar ƙanƙara da aka haɗa da ruwa kaɗan, domin wannan haɗi yana tsayawa a digiri 0. Yawancin sensar ruwa tana zama cikin wani kube na ƙarfe da ya shiga bututu, don haka ana share kuben a sa man da ke isar da zafi kafin a mayar da ita.

Ita kuma sensar matsi ana kwatanta karatunta da na gejin hannu da aka tabbatar da ingancinsa. Misali, sensar da ke auna daga ba 0 zuwa ba 10 ya kamata ta ba da miliamfa 12 idan matsin ya kai ba 5. Idan injin ya daɗe a kashe har matsin ɓangarorin biyu ya daidaita, karatun sensar kowane ɓangare ya kamata ya zo kusan ɗaya. Ana lura da cewa wasu na'urori suna haɗa matsin iskar duniya a lissafinsu, wasu ba sa haɗawa, kuma bambancin kimanin ba 1 ne. Ƙaramin kuskure ana gyara shi a saitin kwamfuta, amma sensar da karatunta ke tsalle-tsalle canza ta ake yi.

Ba kowace ƙararrawa ce laifin sensa ba. A wuraren da ake ƙurar hunturu, kamar arewacin Najeriya da Nijar, ƙura tana toshe kondensar da iska ke sanyayawa, matsi ya hau da gaske. Saboda haka ake tabbatar da karatun da geji kafin a yanke hukunci.

Kare muhalli

Wasu sensocin matsi suna zaune a kan bawul mai rufe kansa, shi ya sa ake kwance su ba tare da gas mai yawa ya fita ba. Inda babu wannan bawul, ana rufe sashen a kwashe gas ɗin cikin tukunya ta musamman. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tanadi daina amfani da gas masu lalata sararin ozon, kuma daga baya aka shigar da irin su R-22 cikin jerin. Gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 ya ƙara da rage irin su R-134a da R-410A saboda ɗumamar yanayi.