Daga Dandalin Zango zuwa Filin Ƙwallon Unguwa a Parakou da Djougou

Tarihin filayen da matasa ke buga ƙwallo a unguwannin Parakou da Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin, ya girmi ita kanta ƙwallon, domin tushensa yana cikin yadda garuruwan biyu suka tashi a kan hanyar fatake, wato ayarin 'yan kasuwa da ke barin Kano da Sakkwato su ratsa ƙasar Bargu zuwa Salaga ta Gwanja, suna kai kanwa da tufafi suna komowa da goro. Inda ayari ya saba sauka shi ake kira zango, kuma da tafiya ta yi tafiya sai masaukin ya rikiɗe ya koma unguwa, kamar Wangara a Djougou, wadda ta zauna daura da Kilir, mazaunin sarauta, da kuma Zongo a Parakou, inda Hausa da Dendi suka zama harsunan ciniki.

Bisa al'adar Hausawa, unguwa ba ta cika sai da dandali, wato sararin da ba a gina ba kuma ba a katange ba, inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari kuma su gwada ƙwanji a kokawa da langa, dattawa na ƙofar gida suna gani ba tare da sun sa baki ba. Amfaninsa ya wuce nishaɗi, gama a nan ne ɗan baƙo da ɗan gari ke koyon harshen juna, a nan kuma yaro ke sabawa da shan kaye a bainar jama'a har ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ba tare da riƙo ba.

Ƙwallon ƙafa ta shigo da mulkin Faransa ta hanyar makarantun boko da barikin soja, ta ƙara samun gindin zama bayan layin dogo daga Kwatano ya iso Parakou a 1936, lamarin da ya janyo ma'aikata da 'yan ci-rani daga kudu. Yaran unguwa ba su jira an gina musu komai ba: tamaula, wato ƙwallon da ake ɗaurawa da tsumma, da duwatsu biyu a madadin raga sun wadatar, sai dandalin jiya ya wayi gari filin ƙwallo, kiran sallar magariba kuma ya zama usur ɗin tashi. Ƙungiyoyi irin su Buffles du Borgou a Parakou da Panthères a Djougou sun tsaya ne a kan wannan tushe.

Barazanar da ke fuskantar waɗannan filaye a yau ta ƙarancin fili ce. Ƙidayar 2013 ta nuna Parakou da mutum 255,478, ga jami'ar da aka buɗe a 2001 tana ƙara cinkoso, kuma duk lokacin da aka yanka filaye don gini, sararin da ba shi da takardar mallaka shi ne farkon tafiya. Manyan filayen wasa 22 da gwamnatin Patrice Talon ta gina a sassan ƙasar aiki ne abin yabo, sai dai filin da ke da ƙofa da mai gadi da jadawali ba ya maye gurbin wanda yaro ɗan shekara goma zai isa da ƙafa bayan an tashi daga makarantar allo, ya kuma dawo gida kafin a kwashe tuwo.