Yadda Kwamfutoci Suka Sami Tafinta

Sa'ad da aka fara ƙera kwamfuta, kowane kamfani hanyarsa ya kama. Kowace na'ura da irin tsarin da ke tafiyar da ita, har ya zama takardar da aka rubuta a wannan ba ta karantuwa a waccan. Cikin 1963 Amurkawa suka shirya ƙa'idar haruffa mai suna ASCII, inda lambar harafin A take 65. Amma kamfanin IBM ya tsaya a kan tasa, watau EBCDIC, inda A take 193. Misalinsa kamar a miƙa wasiƙar ajami ga wanda boko kaɗai ya iya. Hausar ɗaya ce, amma tilas ya nemi mai karanta masa.

Cikin 1969 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta sa aka haɗa kwamfutoci huɗu da waya, uku a jihar Kalifoniya, ɗaya a Jami'ar Utah. Huɗun nan babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Dabarar da aka yi kuwa ita ce, aka ajiye wa kowace ƙaramar na'ura a bakin ƙofa, kamar ɗan aike. 'Yan aiken duk iri ɗaya ne, suna jin maganar juna. Cikin 1971 Abhay Bhushan ya rubuta ƙa'idar aika takardu da ake kira FTP. Mai aikawa ya juya rubutunsa zuwa haruffan da aka yarda da su, mai karɓa kuma ya mayar da shi irin nasa.

Da ƙananan kwamfutoci suka yawaita, sai matsalar ta sake tasowa. A Jami'ar Columbia ta birnin New York ɗalibai suka rasa wurin ajiya a cikin babbar na'ura. Saboda haka cikin 1981 Frank da Cruz da Bill Catchings suka shirya Kermit, wanda ke yanyanka takarda gutsure-gutsure, ya aika kowane da alamar shaida. In gutsure ya lalace a hanya, sai a sake aiko shi. Haka ɗalibai suka riƙa kwashe aikinsu zuwa faifai.

Cikin 1992 kuma Andrew Tridgell, wani ɗalibi a Ostireliya, ya yi ta duban saƙonnin da ke wucewa cikin waya har ya gane harshensu. Abin da ya rubuta shi aka sa wa suna Samba daga baya, ya sa na'urar Unix ta iya raba takardu da masu DOS da Windows.

To, mai karatu ya lura. Duk cikin mutanen nan babu wanda ya tilasta wa na'urori su zama iri ɗaya. Ƙa'ida suka shirya, suka bayyana ta a fili don kowa ya bi. Wanda ya ajiye takardunsa cikin sigar da na'ura ɗaya kaɗai ke ganewa, ran da na'urar ta mutu, tare za a binne su.