Jihar Kano: Mulki, Sarauta da Nishaɗi

An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, lokacin da gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Nijeriya zuwa jihohi 12, aka naɗa Audu Baƙo gwamnanta na farko. Akan ba da tarihin siyasarta daban, na al'adu da nishaɗi daban, alhali gwagwarmaya ɗaya ce: wa ke da ikon yi wa talakawa magana?

Tun kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, waƙa ce ta kai saƙon su Malam Aminu Kano lungunan da jarida ba ta shiga, ta bakin marubuta irin su Mudi Sipikin. Da jam'iyyar PRP ta ci zaɓen 1979, takaddama ta koma tsakanin gidan gwamnati da fada. Takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero ta haddasa tarzomar Yuli 1981, wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, a cikinta. Irin wannan sa-in-sa ce ta kai ga tsige Sarki Muhammadu Sanusi II a 2020 da mayar da shi a 2024, shekarar da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin kayan gadon duniya.

Wani zai ce fim da littattafan soyayya kasuwanci ne, babu ruwansu da mulki. Gaskiya ne ƙungiyar Tumbin Giwa ba siyasa ta sa gaba ba da ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, masana'antar Kannywood kuma da kuɗin 'yan kasuwa ta tashi. Amma da abin ya tsaya nan, da hukuma ba ta sa masa ido haka ba. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 gwamnatin Kwankwaso ta dakatar da harkar fim, ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A 2007 aka ƙona littattafan soyayya zamanin Gwamna Shekarau, a 2016 kuma adawar malamai ta sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa. 'Yan siyasar da ke tsawata wa mawaƙa su ne ke rububin ɗaukar irin su Rarara idan zaɓe ya matso, domin sun san wanda jama'a ke saurare shi ke juya ƙuri'a.