Daga Zauren Fatoma Zuwa Filin Baje-Koli

Da an ce "bikin baje-koli", hankalin yawancinmu kan tafi Kaduna, inda aka fara babban bikin na ƙasa da ƙasa a 1979, mu tuno rumfuna da fitilu da rububin neman ɗaki a otal. To amma sunan kansa daga ɗan koli aka aro shi, wanda kan baje allura da madubi da turare ranar kasuwa. Haka kuma saukar baƙon kasuwa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, mai ita kuwa shi ne fatoma.

A zamanin ayari, falke ba ya shiga gari da ka. Gidan fatoma yake nufa, a ba shi ruwa da tuwo da makwanci, a ɗaure masa jakuna, a adana kayansa. Kashegari fatoma ya haɗa shi da dillali, ya zama tafintansa, in an ɗauki kaya bashi ya tsaya masa. Ba a biyan kuɗin ɗaki. Daga la'adar ciniki fatoma ke samun nasa. Saboda haka ribar baƙo ita ce ribar mai gida, in kuwa aka cuci baƙo, zauren ne zai bushe baɗi. Unguwannin Kano irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa suna ɗauke da sunayen baƙin da aka saukar har suka zama 'yan gari. Da Hausawa suka fita waje, da wannan tsari suka kafa zangon Kumasi da Sabon Ibadan.

Mu a nan yankin Bakori, noma ne ya jawo mana baƙi. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, aka kuma kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Da kaka sai fuloti ya cika da malaman awo da 'yan baranda. Daga baya, musamman bayan shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka soma a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya, masara ta yalwata, masu sayen hatsi daga Kudu suka riƙa tururuwa. Da yawansu a zaurukan dillalai suka kwana, domin da ɗan gari akan ci gari.

Otal na ba baƙo makulli da katifa, amma ba ya tsaya masa ranar da ciniki ya rikice. Wannan amanar ce ya kamata masu shirya baje-koli su gada, tunda shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Mu kuma marubuta, dattawan da suka riƙe waɗannan zauruka kullum raguwa suke yi. Mu je mu zauna gabansu da alƙalami tun suna iya ba da labari. Allah Ya ba mu iko, amin.