Ignatiyus na Loyola da Littafinsa na Horon Ruhi

A ran 20 ga Mayu, 1521, sojojin Faransa suka kai farmaki garin Pamplona na ƙasar Sifen, harsashin igwa ya karya ƙafar wani jarumi mai suna Ignatiyus na Loyola. Aka ɗauke shi zuwa gidansu, ya yi watanni yana jinya. Ya nemi littattafan jarumtaka don ya rage zaman kaɗaici, ba a samu ba, sai aka ba shi tarihin Almasihu da na waliyyan Kirista. A nan ne ya lura da wani abu: in ya yi tunanin ɗaukakar duniya, daɗin ba ya daɗewa, sai ya bar shi da ƙuncin zuciya; in kuwa ya yi tunanin koyi da waliyyan nan, natsuwar takan zauna. Wannan lura ita ce tushen dukan koyarwarsa.

Da ya warke, sai ya shiga halwa a Manresa, kusan wata 11, yana addu'a awa 7 kullum, yana azumi mai tsanani har ya jawo wa kansa ciwon ciki na dindindin. Daga baya ya hana almajiransa irin wannan wuce gona da iri, domin ya gane azabtar da jiki ba shi ne gyaran zuciya ba.

Abin da ya koya ya tattara a ɗan littafin da ya kira Atisayen Ruhi, wato yadda jiki ke bukatar motsawa haka ma zuciya. Ya tsara halwar kwana 30 kashi huɗu: tunani a kan zunubi, rayuwar Almasihu, wahalarsa, sannan tashinsa daga matattu. Mai halwa yana da jagora, kuma yakan yi wa kansa hisabi sau biyu a yini.

Hukuma ba ta karɓi abin da sauƙi ba. Kotun binciken bidi'a ta tuhume shi, an kuma tsare shi a Alkala da Salamanka a 1527, saboda yana koyar da addini alhali ba shi da shaidar karatu. Wannan ya sa ya tafi jami'ar Faris a 1528. Paparoma Bulus na Uku ya amince da ƙungiyarsa ta 'yan Jezuwit a 1540, da littafin kuma a 1548.

Muhimmancin littafin a tarihi shi ne, kafin zamaninsa irin wannan horo galibi a gidajen masu zuhudu ake yinsa. Ignatiyus ya yi tanadi musamman domin wanda aikin hukuma ko hidimar jama'a ta ɗaure: ya ware awa ɗaya da rabi kullum, ya ci gaba da aikinsa. Ya rasu a Roma a 1556, ƙungiyarsa tana da mutum wajen 1,000, kuma har yau Katolika da wasu Furotesta suna bin tsarin nan nasa.